Sayen Suwic A Kasuwannin Garwa: Araha Ba Ta Ado

Daga wakilinmu a Garwa

Masu iya magana na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To amma akwai wata haja da ta shigo kasuwanninmu a 'yan shekarun nan wadda mutum kan saya bai san ko rariya ya ɗauka ko ƙwarya ba, sai ranar da ta zubar masa da ciniki. Wannan haja ita ce ɗan akwatin nan mai jerin kafofi da fitilu masu ƙyaftawa, wanda ake kira suwic.

Duk wanda ya zaga Garwa, tun daga unguwar Jambutu, wadda ake rubutawa Djamboutou, har zuwa babbar kasuwa, ko ya bi hanyar Gashiga ya nufi iyakar Najeriya, zai lura da yadda shaguna suka canja. Mai sito ya kafa kyamarori a kan buhunansa, mai kemis ya sa kwamfutar lissafin magani, matasa sun buɗe wuraren sayar da tikitin Wi-Fi, ga kuma shagunan buga takardu da na aika kuɗi. A yawancin waɗannan wurare, idan ka bi wayoyin da suka ratsa silin, za ka tarar duk sun haɗu a cikin akwati guda. Idan wannan akwati ya tsaya, kyamara ta makance, kwamfuta ta daina ganin firinta, masu tikiti kuma su taso mai shago a gaba. Duk da haka shi ne kayan da aka fi saye ba tare da tambaya ba, domin mai haɗa wayoyi kan ce a ba shi kuɗin suwic, a miƙa masa, shi ke nan.

Mene ne aikin suwic?

Da yawa kan rikita suwic da rauta. Rauta ita ce ke karɓo intanet daga kamfani, ko Camtel ne ko MTN ko Orange, ta shigo da shi gida. Shi kuwa suwic aikinsa a cikin gida yake, kamar ɗan kamasho a tashar mota: kowane saƙo ya zo, ya duba inda za shi, ya saka shi a motar da ta dace. Saboda haka suwic ba ya ƙara wa intanet gudu. Idan layin da ka biya mai rauni ne, ko suwic na miliyan ka saya ba zai canja komai ba. Abin da yake iya yi shi ne ya rage maka gudun da kake da shi idan ba mai kyau ba ne.

Suwic iri uku ne a kasuwa. Akwai wanda ba a saita shi, sai dai a jona waya ya kama aiki. Akwai na tsakiya, wanda ake shiga cikinsa ta kwamfuta a yi 'yan gyare-gyare. Akwai kuma babba, irin na bankuna da ma'aikatu, wanda sai ƙwararre ke iya sarrafa shi. Bai kamata mai karatu ya ɗauka cewa mafi tsada shi ne mafi dacewa da shi ba. Wanda ya dace da kai shi ne wanda zai ɗauki nauyin aikinka, ya jure yanayin garinka, kuma akwai mai kula da shi bayan an saya.

Zafi, ƙura da wuta

Kafin a kai ga maganar gudu, sai a fara da abin da ya fi kashe na'urori a wannan yanki namu. Yawancin ƙananan suwic da ake yi don ofisoshi, idan ka duba takardarsu, za ka ga an rubuta cewa suna aiki ne tsakanin digiri 0 zuwa 40. Kowa kuwa ya san a watannin Maris da Afrilu zafin Garwa kan wuce digiri 40 a inuwa, balle a cikin shagon kwano, balle kuma a ce an cusa akwatin a cikin silin ko a bayan firji. Alamar suwic da zafi ya dama ita ce ya yi aiki lafiya da safe, da azahar ya fara yankewa, da magariba ya dawo. Sai a yi ta zargin kamfanin intanet alhali laifin yana cikin shago. Don haka a fi son mai jikin ƙarfe a kan na roba, a ajiye shi inda iska ke ratsawa. Wanda za a sa a sito ko a waje, akwai irin na masana'antu da ke jure zafi har digiri 70 ko fiye. A lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, domin suwic mai fanka a ciki yana zuƙar ƙura har fankar ta tsaya. Ga ƙaramin shago, marar fanka ya fi kwanciyar hankali.

Sai batun wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. Mai karatu bai manta da shekarar 2021 ba, lokacin da ruwan madatsar ya ja baya aka shiga rabon wuta unguwa-unguwa, injinan tashar lantarki ta Jambutu suka yi ta ƙoƙarin cike gurbi. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar da aka buɗe a 2023 sun kawo sauƙi, amma duk mai shago ya san ɗaukewa da dawowar wuta, da kuma sauyawa zuwa janareto, su ne ke ƙona kan caja. Wanda zai sayi suwic ya sa kuɗin na'urar ajiyar wuta a cikin lissafinsa tun farko, wato wadda a nan ake kira onduleur, a Najeriya kuma UPS. Haka nan a duba jikin cajar a ga ko an rubuta tana ɗaukar wuta daga 100 zuwa 240, musamman a kayan gwanjon da suka fito daga Amurka. Kayan da aka shigo da su ta Najeriya galibi filoginsu mai ƙafa uku ne, alhali soket ɗinmu na nan mai rami biyu ne zagayayyu, kuma mahaɗin da ke rawa a soket yana haddasa yankewar da za a yi ta nema ba a gano ba.

Da damina kuma akwai tsawa. Wayar tagulla da aka ja a sarari daga wannan gini zuwa wancan hanya ce da tsawa ke bi ta ƙone suwic biyu a lokaci guda. Idan shago da sito ba a gini ɗaya suke ba, a nemi suwic mai kafar fiba, domin wayar fiba gilashi ce, wuta ba ta bin ta.

Gudu da ɗaukar nauyi

Kafofin suwic iri biyu ne aka fi samu: mai gudun megabit 100, da mai 1000 wanda ake kira gigabit. Kyamara guda ba ta cin fiye da 'yan megabit kaɗan, don haka kafa mai 100 ta ishe ta. Inda matsala take shi ne kafar da ke kwashe hotunan duka kyamarorin zuwa na'urar da ke naɗa, domin nan ne duk motocin ke haɗuwa a gada ɗaya. Wannan kafa ya kamata ta zama gigabit. Ga kwamfutoci da na'urorin Wi-Fi kuwa, a yau babu dalilin sayen abin da bai kai gigabit ba, tunda bambancin kuɗin ya ragu ƙwarai. A kuma bar kafofi biyu ko uku a buɗe, domin shagon da ke da kyamara huɗu bana, baɗi shida zai nema.

Akwai suwic da ke aika wuta ta cikin wayar sadarwar kanta, ta yadda kyamara ba ta buƙatar soket nata. Ana rubuta PoE a jikinsu. Ƙa'idar farko ta wannan fasaha, ta shekarar 2003, tana ba da wat 15.4 a kowace kafa. Ta 2009 ta kai wat 30. Ta 2018 kuma ta kai har 90. To a nan ne ake yi wa mutane rufa-ido. Kwali zai ce kowace kafa tana ba da wat 30, amma abin dubawa shi ne jimillar wutar da akwatin gaba ɗaya ke iya bayarwa. A ɗauki misalin mai sito da ke da kyamara takwas, kowace na cin wat 8 idan ta kunna fitilarta ta ganin dare. Jimilla wat 64 ke nan. Idan suwic ɗinsa wat 60 yake bayarwa, da rana komai zai tafi daidai, amma da dare, lokacin da ɓarawo ke fitowa, sai wata kyamarar ta mutu. Mai hankali kan haɗa lissafin na'urorinsa ya ƙara akalla kashi ɗaya cikin huɗu a kai.

Haka kuma akwai masu arha da ke tura wuta kai tsaye ba tare da sun tantance abin da aka jona musu ba. Irin waɗannan na iya ƙona kafar kwamfuta. A duba a ga an rubuta 802.3af ko 802.3at a jikin kwali. Waya ma tana da nata hukunci: iyakarta mita 100, kuma ta zama tagulla zalla. Akwai wadda alminiyom ce aka yi wa rufin tagulla, ana rubuta mata CCA. Tana da arha, amma tana zafi tana cinye wuta a hanya. Idan aka kankare bakin wayar aka ga fari a ciki, to ita ce.

Sai bango ya tsage

Wani zai ce, ni da nake sayar da shinkafa da man gyaɗa, wane ɗan damfara ne zai damu da shagona? Amsar ita ce ba ya buƙatar ya san ka. Manhajojinsu ne ke yawo a intanet dare da rana suna taɓa kowace ƙofa, wadda suka samu a buɗe su shiga. Abin da ya faru a Laberiya ya isa misali. A 2016 an yi amfani da wata muguwar manhaja mai suna Mirai aka kame dubban kyamarori da makamantansu a faɗin duniya, waɗanda masu su ba su kulle da kyau ba, aka haɗa su aka yi wa kamfanin waya na Lonestar ruwan saƙonni har intanet ya durƙushe a sassa da dama na ƙasar. Wanda ya yi aikin, wani ɗan Ingila mai suna Daniel Kaye, wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara biyu da wata takwas a Janairun 2019. Masu kyamarorin da aka yi aikin da su ba su ma san an hau kayansu ba. Irin waɗannan kyamarori kuwa su ne ke rataye a jikin suwic na shagunanmu.

Abu na farko ke nan: duk na'urar da ake shiga da kalmar sirri, suwic ne ko rauta ko kyamara, a canja kalmar da ta zo da ita daga kamfani a ranar da aka kafa ta. Wannan matsala ta yi girman da tun Afrilun 2024 dokar Ingila ta hana sayar da na'urori masu kalmar sirri irin ta kowa da kowa. Mu a nan babu wanda zai yi mana wannan aikin sai mu. Kuma kalmar ta kasance a hannun mai shago, ba a hannun yaron da ya haɗa wayoyin kaɗai ba, domin gobe yana iya komawa Duwala ko ku saɓa.

Abu na biyu shi ne raba hanya. Mai sayar da tikitin Wi-Fi da ya jona baƙi da kwamfutar lissafinsa da kyamarorinsa a layi ɗaya, kamar wanda ya ajiye akwatin kuɗinsa ne a kan benci inda masu ciniki ke zama. Suwic na tsakiya da babba suna iya raba kafofinsu gida-gida, abin da masana ke kira VLAN, ta yadda wanda ke ɓangaren baƙi ba zai ga abin da ke ɓangaren lissafi ba. Wannan shi ne babban dalilin da zai sa ɗan kasuwa ya ƙara kuɗi ya sayi mai saiti. Kuma maganar ta wuce ta asara kawai, domin Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutane a Disambar 2024, Najeriya ta yi tata a 2023. Sunayen abokan ciniki da lambobinsu da hotunansu amana ce da doka ta sani a ɓangarorin iyaka biyu.

Amma fa a lura: suwic mai saiti da aka kafa aka manta da shi ya fi marar saiti haɗari, domin shi yana da ƙofar shiga, wancan kuwa ba shi da ita. Mai ƙaramin shago da ke da kwamfuta biyu da firinta, kuma ba ya raba intanet da baƙi, marar saiti daga kamfani sananne ya ishe shi.

Manhajar ciki tana da wa'adi

A cikin kowane suwic mai saiti akwai manhajar da ke tafiyar da shi. Mutane ne suka rubuta ta, don haka ba ta rasa kuskure. Idan aka gano ɓaraka, kamfanin kan fitar da gyara a shafinsa don a sauke a saka. To amma ba har abada yake yin haka ba. Kowane samfuri yana da ranar da za a daina sayar da shi, da ranar da za a daina yi masa gyara. Daga wannan rana, duk ɓarakar da aka gano ta zauna ke nan.

A watan Maris na 2018 kamfanin Cisco ya fitar da gyaran wata ɓaraka a suwic ɗinsa. Ba a yi mako biyu ba aka kai hari a kan waɗanda ba su saka gyaran ba. Hukumomin Iran sun ce na'urori kimanin 200,000 abin ya shafa a duniya, 3,500 daga ciki a ƙasarsu. Abin mamaki, a watan Agustan 2025, shekara bakwai bayan haka, hukumar FBI ta Amurka ta sake yin gargaɗi cewa har lokacin ana shiga tsofaffin na'urori ta wannan ɓaraka ɗin dai. Magani yana nan, ba a sha ba ne. Ba kuma kamfani ɗaya abin ke samu ba, domin a 2021 Netgear ma ya fitar da gyaran wasu munanan ɓaraka a ƙananan suwic ɗinsa masu saiti. Kamfanin da ke fitar da gyara ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne akwatin da ba a san wanda ya ƙera shi ba, ba shi da shafi, ba shi da adireshi.

Wannan ya kawo mu ga kayan gwanjo. Bankuna da ma'aikatun Turai kan sauke na'urorinsu idan wa'adinsu ya gabato, su kuma su biyo jirgi su iso kasuwanninmu da kyan gani da arha. Alal misali, samfurin Catalyst 2960-X da ya yi suna ƙwarai, an daina sayar da sabonsa a Oktoban 2022, kuma kamfanin ya sanar cewa tallafinsa zai ƙare a Oktoban 2027. Waɗanda suka girme shi tuni nasu ya wuce. Wasu kuma, irin na Meraki, da lasisi suke aiki. Idan lasisin ya ƙare, ko kuma na'urar tana rajiste da sunan mai ita na farko, abin da ka saya ƙarfe ne kawai. Kafin a biya, a sa wanda ya iya ya rubuta lambar samfurin a shafin kamfanin ya ga yaushe aka yi masa gyara na ƙarshe. Aikin minti biyar ne a wayar hannu. Wajen saka gyara kuma a tabbata ya dace da zubin na'urar, domin kamfanoni irin su TP-Link kan fitar da samfuri ɗaya a zubi daban-daban, V1 da V2 da sauransu, kuma a yi aikin na'urar tana kan ajiyar wuta, don idan wuta ta ɗauke ana tsakiya, akwatin na iya mutuwa.

Jabu ma yana da kwali

Suna a jikin kwali ba shaida ba ne. A 2020 kamfanin tsaro na F-Secure da ke Finland ya binciki wasu suwic guda biyu na jabu masu kama da na Cisco sak, waɗanda asirinsu bai tonu ba sai da aka saka musu sabuwar manhaja suka ƙi aiki. A watan Mayun 2024 kuma wata kotu a Amurka ta ɗaure wani ɗan kasuwa mai suna Onur Aksoy shekara shida da rabi saboda sayar da jabun kayan Cisco, waɗanda suka shiga har asibitoci da makarantu da sansanonin soja. Idan an yi wa sojan Amurka haka, ina ga mai shago a bakin iyaka? Kaya suna zuwa mana ta Duwala, suna zuwa ta Legas da Kano da Yola, suna ratsa hannu biyar kafin su iso. A duba lambar da ke jikin kwali ta yi daidai da ta jikin na'ura, a karɓi rasit mai ɗauke da wannan lamba, a kuma tambayi inda za a mayar idan ta lalace. Garantin da sai ka tsallaka iyaka ka biya kuɗin mota da na kwastan kafin ka same shi, rabin garanti ne.

Kafin ka zaro kuɗi

Ga 'yan'uwa 'yan kasuwa, ko mai saye don shagonsa ko mai saro wa don ya sayar, tambayoyin ba su da yawa. Na'urori nawa zan jona, kuma wat nawa suke ci gaba ɗaya? Zafi nawa akwatin ke jurewa, kuma ina zan ajiye shi? Zan raba intanet da baƙi ko kuwa ni da yarana ne kawai? Wane kamfani ya ƙera shi, kuma har yaushe zai ci gaba da yi masa gyara? Wa zai riƙa duba shi, ko da sau biyu ne a shekara, kuma a hannun wa kalmar sirri take? Mai haɗa wayoyin da ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, a riƙe shi da kyau, ko da aikinsa ya fi tsada. Wanda ya ce duk ɗaya ne, a nemi wani.

Su ma masu saro kaya su sani cewa ɗan kasuwar iyaka da sunansa yake ci. Wanda ka sayar wa akwatin da ya mutu a zafin Afrilu, ko ya makantar masa da kyamara a daren da aka fasa masa sito, ba zai tuna ragin da ka yi masa ba, kuma labarin zai riga ka isa Gashiga da Mubi. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mana dukiyoyinmu, amin.